Godiya bayan saukar Alƙur'ani domin marigayiya Daso

Assalamu alaikum. A madadin kaina da maigidana, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tako zuwa gidanmu da ke Ƙofar Marusa a nan Katsina ranar jajibirin Ƙaramar Sallah, domin saukar Alƙur'ani da addu'ar da muka shirya wa marigayiya Hajiya Saratu Gidado, jarumar finafinan Hausa wadda aka fi sani da Daso. Mun zaɓi jajibiri ne saboda a irin wannan rana Allah ya karɓi abarsa, ranar Talata 9 ga Afrilun 2024 a Kano, tana da shekara 56, mutane suna tsakiyar shirin Sallah.

Mata da yawa sun tambaye ni ko dangi muka haɗa. Ba mu haɗa komai ba, kuma ban taɓa ganin ta ido da ido ba, amma tana bi na bashin da ba ta san da shi ba. Na shigo gidan nan na tarar da yara uku da mahaifiyarsu ta rasu ta bari, kuma a shekarun farko ban kyautata musu yadda ya kamata ba, ko da yake a lokacin gani nake tarbiyya nake yi. Wani dare muna kallon fim ɗin da ta fito a muguwar matar uba, ta riƙe ƙugu tana harara tana zazzaga wa maraya masifa a kan abin da bai kai ya kawo ba, sai autarsu, wadda ba ta wuce shekara shida ba, ta ce, "Kamar Anti in ta yi fushi." Kowa ya yi dariya, ni kuwa ban runtsa ba a daren. Abin da surukata ta yi ta yi mini hannunka mai sanda a kansa ban ji ba, shi ne Daso ta nuna mini ƙiri-ƙiri.

Mu masu kallo mun sha tsine wa matan da take fitowa a matsayinsu, alhali abokan aikinta na Kannywood sun shaide ta da fara'a da barkwanci. A ganina ba ƙaramar jarumta ba ce mace ta shafe shekaru fiye da ashirin tana ɗaukar baƙin jinin da ba nata ba domin irina su ga kansu.

Ina godiya ta musamman ga malamar Islamiyyarmu, wadda ta raba izu sittin ga ɗalibai aka kammala kafin la'asar, kuma ta amsa cikin hikima ga waɗanda suka yi ƙorafin cewa ba a yi wa 'yar fim sauka, ta tuna musu cewa Musulma ce da ta riga mu, addu'a kuwa haƙƙinta ce. Na gode wa maƙwabtan da suka dama kunu suka soya ƙosan buɗa-baki, da ƙannena da suka zo daga Daura da ƙishirwar azumi. Yarinyar nan da ta yi waccan magana ita ce ta karanta izun ƙarshe, kuma ita ta roƙi a saka mahaifiyarta a cikin addu'ar.

Allah ya jiƙan Hajiya Saratu da mahaifiyar yarana, ya haskaka makwancinsu, ya ba iyalansu haƙuri. Akwai kuloli biyu da faranti huɗu da aka bari a wurinmu, masu su suna iya aiko yaro ya karɓa.