Ƙauyen da biri yake da makabarta

Duk wanda ya tashi a Aboabo ko Asawase, unguwannin Kumasi a ƙasar Ghana, ya san hanyar Techiman, ko bai taɓa binta ba ya ci doyar da ta biyo ta. Amma ba kowa ya san cewa idan ka karkata daga Techiman ka wuce Nkoranza akwai wasu ƙauyuka biyu maƙwabtan juna, Boabeng da Fiema, inda biri ke shiga madafa ya ɗauki abin da ya ga dama, ba mai ɗaga masa sanda. Kawuna mai fataucin doya ne ya ba ni labari. Na ce gani ya kori ji, na ɗauki 'yata, muka bi shi ranar da zai je sari.

Mun bar Kumasi bayan sallar asuba, koko da ƙosai a leda. Offinso, Abofour, Akomadan garin tumatir, sai ga Techiman, babban birnin yankin Bono ta Gabas tun da aka ƙirƙiro yankin a 2019. Daga nan motar Nkoranza, sannan tasi ta ratsa da mu gonakin masara da kashu har bakin kurmin da biran ke zaune.

Muka biya kuɗin shiga, aka haɗa mu da ɗan jagora, wani saurayi ɗan garin. Kawu ne tafinta, don shi kunnensa ya saba da harshen Bono a kasuwa. Muka sayi ayaba da gyaɗa. Ko taku ashirin ba mu yi cikin kurmin ba yaron ya tsuke baki ya yi wata 'yar ƙara, rassa suka fara girgiza.

Birai ne da ake kira mona, bayansu ruwan ƙasa, cikinsu fari, jela doguwa. Ɗan jagoran ya ce kada in ɓare ayabar, kada kuma in jefa, in damƙe ta a hannu in miƙa. Wani ya sauko ya tsaya a reshe daidai fuskata, ya dubi ayabar, ya dube ni, sai kawai na ji shi a damtsena. Da hannu ɗaya ya riƙe yatsana, da ɗayan ya yage ɓawon, yana gutsura yana cusawa a kumatu, don suna da 'yar jaka a cikin kunci inda suke tara abinci su je su ci a natse. Tafin hannunsa da sanyi, ga laushi, ga 'yan farata irin namu. Da ya cinye abin da ya leƙo waje sai ya shiga buɗe min yatsu ɗaya bayan ɗaya yana neman saura.

'Yata ta maƙale a bayan Kawu. "Baba, zai cije ka!"

"Zo nan, amaryata," in ji Kawu, irin wasan jika da kaka. "Buɗe hannu, kada ki janye, shi ma tsoronki yake ji."

Ya zuba mata gyaɗa a tafi. Wata uwa da ɗanta manne a ciki ta matso, ta tsince gyaɗar tsaf, ta koma sama. Daga nan yarinya ta ƙi yarda a tafi sai da leda ta ƙare.

Akwai wasu birai kuma da ba ruwansu da ayabar kowa, su ne kolobus, baƙaƙe masu farar jela da farin gashi kewaye da fuska. Can ƙololuwar bishiya suke zaune, sai ka ɗaga kai har wuya ya yi tsami. Ganye ne abincinsu, cikinsu an yi shi ne don narkar da ganye, kuma babban yatsan hannunsu dungulmi ne kawai. Jaririnsu fari fat ake haifarsa, sai daga baya ya rikiɗe. Ni su suka fi burge ni, saboda kamun kai.

Sai ɗan jagoran ya kai mu makabarta. Kaburbura ne ƙanana, da alluna an rubuta irin birin da lokacin da ya mutu. Idan biri ya mutu, akwati ake sa shi, bokan gari ya yi masa al'adar binnewa, kuma a wurin ake binne su bokayen. Mutanen garin sun gaji imani cewa biran 'ya'yan abin bautarsu ne, Daworo na Boabeng da Abodwo na Fiema, wanda ya cuci biri abin da ya yi masa zai dawo kansa. Kawu ya yi a'uziyya a hankali, ya gyara hula, bai fassara sauran ba sai da na matsa. A farkon shekarun 1970 wasu da suka bar addinin gargajiya sun fara kashe biran, har dattawa suka nemi hukuma, aka kafa dokar kare su a 1975.

Wannan aƙida ba tamu ba ce, ban kuma je neman ta ba. Amma birin da na sani tun ina yaro shi ne na masu wasa, igiya a ƙugu, an sa masa riga, yana rawa yana kallon bulala. Wanda ya hau damtsena bai taɓa sanin jifa ba, uwarsa ma haka, kakarsa ma haka. Ayabata ba ita ta saye shi ba, haƙurin mutanen garin ne na tsawon zamani muka zo muka ci moriyarsa da kuɗin tikiti.

Haƙurin kuwa da tsada. A hanyar fita muka tarar da wata mata tana dakan fufu, ta kife kwando kan dafaffen rogonta ta ɗora dutse, birai uku a kan kwanon ɗakinta suna jiran ta juya baya. Kawu ya tambaye ta yadda suke fama. Ta ce ko ƙwai ba ta isa ta ajiye a fili ba, burodi kuwa sai a akwati mai kwaɗo. Tana cikin magana ɗaya ya diro ya sure ayabar da ke gefen turmi. Ta daka masa tsawa, ya koma kan kwano ya zauna yana ɓarewa a gabanta, ita kuma ta ci gaba da dakanta.