Layin da ka ja a zane bai ɗaure komai ba

Jiya bayan la'asar a ofishinmu na Jidda na leƙa kwamfutar ɗan ƙanwata. Ya zana rumbun bayanan masu Umara: teburin maniyyata, na masauki, na biyan kuɗi, ya ja layuka tsakaninsu tsaf kamar aikin hula. Na ce ina FOREIGN KEY ɗin, wato dokar da ake rubuta wa rumbun don ta ɗaure teburi da teburi? Ya ce, "Kawu, ga layin nan ai." Gabana ya faɗi, don ramin nan na san zurfinsa.

A zamanina MySQL, manhajar da ke riƙe rumbun, bai kai sigar 5.5 ba, da injin ajiya MyISAM yake zuwa. Kana rubuta FOREIGN KEY zai karɓa ko uffan, alhali ba abin da yake tsarewa. Na goge wani masauki na unguwar Misfala a Makka da muka daina haya, maniyyatansa suka zama marayu, lambar masaukinsu tana nuna inda babu kowa. Laifina ne, na yarda. Amma wa ya faɗa mini? Zanen yana manne a bango, kowa ya zo sai ya yaba. Na kuma mayar da lambar fasfo babban mabuɗi, wato lambar da rumbun ke gane kowane mutum da ita, na manta ana sabunta fasfo da sabuwar lamba, sai alhaji ɗaya ya koma mutum biyu, kuɗinsa rabi nan rabi can.

Ku samari, rumbu bai san da zanenku ba. Ku buga SHOW CREATE TABLE ku gani da idonku ko ɗaurin yana nan, ku tabbata injin InnoDB ne, shi ne mai tsare ɗaurin. In manhajar rumbunku SQLite ce, sai kun rubuta PRAGMA foreign_keys = ON duk lokacin da kuka haɗu da rumbun, in ba haka ba ɗaurin a kashe yake. Gurbin lamba mai nau'in INT ba ya ɗauruwa da mai nau'in INT UNSIGNED. Wannan ma sai an faɗa muku? Ba ku karanta saƙon kuskure, sai dai ku ɗauki hotonsa ku turo.

Da na so in ce ku yar da zanen. A'a, ku zana, shi zai nuna muku maniyyaci ɗaya yana kwana a Makka da Madina, kowane masauki kuma yana ɗaukar mutane da yawa, don haka dole a sa tebur na uku a tsakiya mai lambobin biyun da ranar shiga da ta fita.

ON DELETE CASCADE kuwa, wato umarnin da ke goge duk abin da ke ɗaure da abin da ka goge, kada ya kusanci teburin kuɗi. Ka goge maniyyaci ɗaya, rasit ɗinsa duka sun bi shi.