Da Baba a Iskandariyya da Rashid

Jinyar ido ce ta kai mu Masar. Likita a Alƙahira ya duba Baba, ya ba da magani, ya ce mu dawo bayan 'yan kwanaki kafin a yi aikin. Ƙanena da ke karatu a Azhar ya ce zaman ɗaki zai gajiyar da tsohon fiye da tafiya, ya kawo shawarar mu leƙa Iskandariyya a bakin Bahar Rum. Na so in ƙi saboda lafiyarsa, amma Baba ya riga ni magana: "In dai za ku kai ni wajen mai Burda, ku tashi mu tafi."

Daga tashar Ramsis muka hau jirgin ƙasa. Tsakanin biranen biyu kimanin kilomita 220 ne, jirgin da ba ya yawan tsayawa kuma yana cinye su cikin awa biyu da rabi zuwa uku. Hanyar ta ratsa tsakiyar gonakin da Kogin Nilu ke shayarwa, ta Banha da Ɗanɗa da Damanhur, kore shar ko'ina, babu taƙin ƙasar da aka bari a banza. Baƙo ya sani cewa kuɗin tikitinsa ya fi na ɗan ƙasa, a jirgi da kuma ƙofar wuraren tarihi, kuma fasfo ba ya rabuwa da aljihu. Manyan tashoshi biyu ne a Iskandariyya. Jirgi yana fara tsayawa a Sidi Gabir, nan yawancin fasinjoji ke sauka, amma mai son tsohon gari ya yi zamansa har tashar ƙarshe da ake kira tashar Misra. Daga can ba nisa zuwa Ramla da Manshiyya, inda muka kama masauki mai lif, don ba na son gwiwar Baba ta sha matakala tun ba a fara yawon ba.

Iskandar Mai Girma ne ya kafa birnin a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa, Amru ɗan Asi kuma ya karɓe shi daga hannun Rumawa tsakanin 641 da 642. Wanda ya zo da wannan tarihi a ka yana jiran ganin gine-gine irin na Luksor zai sha mamaki. Tsohuwar Iskandariyya tana ƙarƙashin gidajen da mutane ke kwana a ciki yau, sauranta kuma tana ƙasan teku. Abin da ido ke fara gani shi ne Kornish, dogon titin bakin ruwa, da benaye waɗanda gishiri ya ci fentinsu, da ƙananan motocin haya da suke kira mashru'i suna tsere da juna. Tsallaka titin nan da dattijo aiki ne ja. Mun koyi neman hanyar ƙarƙashin ƙasa ko mu raɓu da 'yan gari mu tsallaka tare da su.

Unguwar Anfushi muka ba safiyarmu ta farko gaba ɗaya, kuma in da zan sake zuwa haka zan sake yi. A fili guda akwai masallatai kusa da juna. Babban cikinsu shi ne na Abul Abbas Almursi, wanda aka haifa a Mursiya ta ƙasar Andalus, ya yi almajiranci a hannun Shehu Abul Hasan Shazali, ya rasu a Iskandariyya a shekara ta 686 bayan Hijira. Ginin da ke tsaye yanzu ba tsoho ba ne, an gama shi a shekarun 1940, kuma wani Ba'italiye mai suna Mario Rossi ne ya zana shi. Yana da kyau ƙwarai, da ƙubbobinsa da dogayen ginshiƙansa. Amma Baba bai daɗe ba. Ya yi raka'a biyu ya ce mu wuce gaba.

Masallacin Imam Busiri ƙarami ne idan aka gwada da maƙwabcinsa, sai dai baitocin ƙasidarsa ta Burda suna rubuce a jikin bango, sun zagaye wurin. Idon Baba ba ya iya karanta rubutu daga nesa, shi ya sa ma muka zo ƙasar. Ya ce wa ƙanena, "Kai malam ƙarami, karanto mini farkon wancan." Da ya ji kalma biyu sai ya ɗauka daga nan ya ci gaba da ka, da irin muryar da yake karantawa a zauren gidanmu a watan Mauludi. Wani dattijo Bamisire da ke jingine da ginshiƙi yana jan carbi ya matso ya zauna kusa da shi, ya riƙa karɓa masa. Karin muryarsu ba ɗaya ba ne, amma baiti bai kuɓuce wa ko ɗayansu ba. Da suka gama mutumin ya tambayi daga ina muke, aka ce masa Nijeriya, ya rungume Baba yana yi masa addu'ar samun lafiya. Mun fi awa biyu a wurin. Ban duba agogo don in hanzarta kowa ba, ko da yake na san wuraren da na rubuta a takarda suna ta raguwa. Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, idan ka yi tafiya da babba, ka fara kai shi inda zuciyarsa take tun ƙarfinsa na safe bai ƙare ba, sauran wurare su samu abin da ya rage.

Daga can muka gangara zuwa sansanin Ƙaitbai, a ƙarshen tsirin da ya shiga cikin teku. Sarki Ashraf Ƙaitbai ya gina shi tsakanin 1477 da 1479 a daidai gurbin tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, wadda tsayinta ya haura mita 100 kafin girgizar ƙasa ta 1303 da ta 1323 su kassara ta. An yi amfani da duwatsunta a ginin sansanin. Da ƙanena ya gaya wa Baba cewa wannan sarkin ne ya sake gina Masallacin Annabi a Madina bayan gobarar 1481, sai ya dafa bangon ya yi masa addu'a. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne manyan tubalan kankare da aka jibge a kewayen wurin don kare shi daga igiyar ruwa. Teku na matsowa. Da sanyi kuma akwai guguwar ruwan sama da suke kira nawwa, wadda kan watso ruwan teku har kan titi, saboda haka mai zuwa tsakanin Disamba da Fabrairu ya zo da rigar sanyi ta kirki.

A Anfushin muka ci kifi. Tsarinsu shi ne ka zaɓa da hannunka daga kan ƙanƙara, a auna a gabanka, ka faɗi ko gashi kake so ko suya. Ka tambayi kuɗin kilo kafin kifi ya hau sikeli, ka tambayi ko shinkafa da salak suna ciki. Baba ya ci gasasshe ya yaba, amma ya kauda kai daga jatan lande. Hantar Iskandariyya mai yaji da ake zubawa cikin burodi ita ce ta fi kusa da bakinmu, kuma kuɗinta ba yawa.

Sauran wuraren da kowa ke lissafawa mun bi su da yamma, ni da ƙanena, Baba yana hutawa. Ginshiƙin Sawari dutse ɗaya ne ja daga Aswan, tsayinsa da gindinsa kusan mita 27, an kafa shi don girmama Sarkin Rum Diyokiletiyan. Minti ashirin sun ishe shi. Makabartar Kom Shuƙafa da aka gano a 1900 ta fi shi abin kallo, amma matakala ce mai murɗewa zuwa cikin ƙasa, ba wurin kai mai ciwon ido ko gwiwa ba ne. Sabon ɗakin karatu da aka buɗe a 2002 ya cancanci lokaci. An sassaƙa haruffan rubuce-rubucen duniya kimanin 120 a bangonsa na waje, zauren karatun kuma hawa-hawa ne yana gangarowa wajen teku, cike da ɗalibai, shiru kamar ba kowa. Fadar Muntaza da lambunanta mun bar su, don suna can ƙarshen gabashin gari kuma cunkoson Kornish zai ci rabin yini.

Yinin da muka samu da haka muka kai shi Rashid, mai nisan kimanin kilomita 65 gabas da Iskandariyya. Mun yi shatar mota zuwa da dawowa, muka gama ciniki tun kafin mu shiga. Yawancin masu zuwa Iskandariyya ba sa leƙa garin nan, kuma a ganina suna yin asara. A zamanin Usmaniyawa Rashid ce babbar tashar jiragen ruwa ta wannan yanki, har sai da mai mulkin Masar Muhammadu Ali ya haƙa mashigin ruwa na Mahmudiyya, aka buɗe shi a 1820, kasuwanci ya koma Iskandariyya. Komawar arzikin ce ta sa ba a rushe tsofaffin gidajen attajiran an gina sababbi ba. Suna nan, hawa uku zuwa huɗu, da ƙananan tubala ja da baƙi, da tagogin katako masu saƙa waɗanda na ciki ke ganin waje, na waje ba ya ganin ciki. Mun shiga gidan Amasyali da injin niƙan Abu Shahin da ke manne da shi, wanda dabbobi ke juyawa a da. Daga tagogi da rufin irin gidajen nan mutanen gari suka buɗe wa sojojin Ingila wuta a 1807, bayan sun bar su sun shigo lunguna suna zaton ba kowa. Har yau ɗan Rashid yana ba da labarin da alfahari.

Arewa da gari kaɗan akwai wani sansanin, shi ma na zamanin Ƙaitbai. A nan sojojin Faransa suka tono wani dutse mai rubutu iri uku a 1799, wanda ya ba masanin Faransa Shampoliyon damar warware rubutun Fir'aunoni a 1822. Dutsen yana Landan tun 1802. Baba ya ji bayanin ya girgiza kai, ya ce kaya a gidan wani, mai shi yana kallon hoto.

Daga kusa da sansanin muka ɗauki kwalekwale mai inji zuwa bakin kogi. Nilu yana rabuwa biyu a arewacin Alƙahira, reshe ɗaya ya nufi Dimyaɗ, ɗaya ya biyo nan, kuma a nan tafiyarsa ta fiye da kilomita 6,600 take ƙarewa. Gefe da gefe dabino ne da wuraren ƙera jiragen kamun kifi. Baba ya sa hannu a ruwan ya ce, "Wannan ya wuce ta ƙofar 'yan'uwanmu na Maiwurno." Gaskiya ya faɗa, domin garin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903 yana bakin Shuɗin Nilu ne. Mai kwalekwalen ya nuna mana jerin duwatsu da kankare da aka yi wa gaɓar, ya ce a zamanin kakansa ƙasa ta miƙa can cikin inda igiya ke wasa yanzu. Dalilin a fili yake. Tun da aka gama babbar madatsar Aswan a 1970, lakar da kogi ke kawowa duk shekara tana kwantawa a bayan madatsar, teku kuma yana ci gaba da zaizayar gaɓa ba mai mayar mata. Madatsar ta ba Masar lantarki ta kuma tsare ta daga ambaliya da fari, amma Rashid na cikin masu biyan kuɗin.

Iska ta fara ƙarfi, ni kuma ina tsoron yashi da gishiri su shiga idon da ake shirin yi wa aiki, sai na ce a juya. Mun yi la'asar a masallacin Abu Mandur da ke bakin kogi a kudancin gari, muka sayi dabino, muka kama hanya tun da sauran rana, saboda tikitin jirgin safe yana hannunmu kuma likita na jiranmu a Alƙahira.