Abin da shagon atamfa ya koya min game da haɗa manhajar kwamfuta

Aikin farko da aka biya ni kuɗi a kansa manhaja ce ta lissafin kaya da rasit, na haɗa wa wani Alhaji mai shagon atamfa da shadda a Kwari, da yaren kwamfuta na Python da Tkinter, kayan da ake haɗa taga da maɓallai da shi, na rubuta ta, bayanan kuma a rumbun bayanai na SQLite. A laftof ɗina komai lafiya lau, na gwada na sake gwadawa har sau nawa, na zuba ta a filash na tafi shago. Wallahi ba a yi sati ba kira ya fara shigowa, kuma abin da na lura daga baya shi ne yawancin matsalolin nan ba su taɓa nuna kansu a kwamfutata ba, sai a tasu, shi yasa nake so in rubuta su ko wani mai tasowa zai rage wahala.

Ta farko ma tun kafin manhajar ta buɗe ne. Kwamfutar shagon tsohuwar destof ce mai Windows 7, ni kuma na naɗe manhajar da PyInstaller, wato na mayar da ita fayil ɗin exe da ake dannawa ya buɗe, a kan Python 3.10. Ina dannawa sai ga saƙo wai babu wani fayil mai suna api-ms-win-core-path-l1-1-0.dll, na zata fayil ɗin ne kawai ya ɓata zan sauko da shi, ashe tun daga Python 3.9 da ya fito a 2020 aka daina tallafa wa Windows 7, na ƙarshe da ke tafiya a kanta shi ne 3.8.  Dole na koma gida na sa 3.8 na sake naɗewa. Yanzu kafin in rubuta layi ɗaya sai na je na ga kwamfutar da ido na, wace Windows ce, nawa ne ram ɗinta, girman sikirin ɗin nawa ne, akwai UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, ko babu.

Amma wadda ta fi ci min rai ita ce ta daskarewa. Ranar wata Asabar ana tsakiyar ciniki Alhaji ya kira ni yace "Injiniya abin nan naka fa ya tsaya cak, ga mutane a tsaye." Na hau Adaidaita na zo na tarar da yaron da ke kan kwamfutar yana ta danna maus, tagar manhajar ta yi fari fat kamar an zuba mata hazo, a sama an rubuta Not Responding. Nace masa me ka danna, yace rahoton wata kawai ya nema. Muna tsaye can bayan kamar rabin minti ta farfaɗo da kanta, rahoton ya fito daidai babu kuskure ko ɗaya. To a nan na fara fahimtar abin da ake nufi da mainloop, wanda da ina rubuta shi ne a ƙarshen kod kawai don an ce a rubuta. Manhaja mai taga tana da ma'aikaci guda ɗaya ne tal da ke zagaye yana karɓar saƙonni, an danna nan, an matsar da maus, a sake zana wancan wurin, kamar yaron shago ɗaya da shi ke amsa kwastoma shi ke miƙo kaya. Ran da ka aike shi sito ya ƙirgo bandir ɗari biyar, duk wanda ya zo bakin kanta ba mai amsa masa. Windows kuma idan ta yi kusan daƙiƙa 5 tana magana taga ba ta amsa ba sai ta shafa mata farin nan. Ni a gida da kaya ashirin na gwada, rahoto yana fitowa kafin ƙiftawar ido, su kuma sun shigar da ciniki dubbai a kan tsohon hard disk mai juyawa.

Gyaran da na fara yi ya ƙara ɓata lamarin ne. Na karanta cewa a kai aiki mai nauyi wani zare daban, wato ma'aikaci na biyu da zai yi ta aikinsa a bayan fage, na yi hakan da threading, daskarewa ta tafi, sai wata sabuwa ta zo wadda ta fi ta muni domin ita ba kullum take zuwa ba. Wani lokaci manhajar ta rufe kanta ba sallama, wani lokaci ta yi kwana uku lafiya. Dalili shi ne daga cikin zare na biyun nake taɓa tagar kai tsaye, ina canza rubutun lebul ina cika tebur, alhali Tkinter ba ta son kowa ya taɓa kayanta sai zaren da ya ƙirƙire ta. SQLite ma ta yi nata ƙorafin, ita dai ta fito fili ta faɗa cewa haɗin da aka buɗe a zare ɗaya ba a amfani da shi a wani. Abin da ya zauna daga ƙarshe, zare na biyu ya buɗe nasa haɗin da rumbun bayanai, ya gama lissafinsa ya ajiye sakamakon a queue, wato layin ajiye saƙo, ita kuma tagar duk bayan milisakan 100 ta leƙa da umarnin after ta ga ko an ajiye mata wani abu, in akwai ta ɗauka ta nuna. Daga baya da na koma PyQt5, wani kayan haɗa taga irin Tkinter, na tarar dokar ɗaya ce, sai dai su da signal ake aiko da saƙon. Kuma na sa ɗan rubutu "ana lissafi, a ɗan jira" da sanda mai motsi, wannan ƙaramin abin ya rage kiran waya fiye da yadda na zata, mutum in ya ga alamar ana aiki zai jira.

Daskarewar nan ta haifi wata ɓarna da sai da aka yi kwanaki aka gano. Lokacin da tagar ta tsaya yaron yana danna maɓallin ajiyewa sau uku sau huɗu don ya ga ko za ta motsa, dannawar nan kuma ba ɓacewa take ba, layi take shiga, da tagar ta farfaɗo sai ta aiwatar da su duka, ciniki ɗaya ya shiga sau uku. Da yamma lissafi ya nuna an sayar da turmi tara alhali uku aka sayar, kuɗin aljihun tebur bai kai ba, aka fara kallon yaron. Wannan abin har yau yana damuna, domin saura kaɗan a zargi bawan Allah da cin amana a kan kuskuren da ni na yi. Na zauna na nuna wa Alhaji layukan uku, lokacinsu ɗaya har daƙiƙa, nace "Alhaji laifin manhaja ne ba nasa ba, ni zan gyara." Yanzu da zarar an danna maɓalli nake kashe shi sai aiki ya kammala, kuma kowane rasit yana da lambarsa da rumbun ba zai karɓa sau biyu ba.

Sai maganar NEPA. Destof ce ba batir, ana ɗauke wuta take mutuwa kafin a tada inji. SQLite a karan kanta tana da juriya a kan wannan, amma ni na raba aikin gida biyu, in rubuta ciniki in yi commit, wato in tabbatar da ajiyarsa a rumbu, sannan in rage kaya a sito in sake commit, to ranar da wuta ta tafi a tsakanin biyun sai ciniki ya shiga kaya bai ragu ba. Na haɗe su cikin transaction guda, ko su shiga tare ko kar ɗaya ya shiga. Na kuma roƙi Alhaji ya sayi ƙaramin UPS, ya saya.

Akwai wadda ta shafe mu mu masu Hausa musamman, kuma ba za ka ga an damu da ita a yawancin darussan da ake koyarwa ba, wato haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Wani kwastoma daga Ɗambatta aka rubuta sunan garinsa daidai da Ɗ, aka zo fitar da rahoto zuwa fayil sai abu ya ƙi, ba saƙo ba komai. Ashe idan ka buɗe fayil da open a Windows ba ka faɗi encoding ba, wato tsarin da za a ajiye haruffa da shi, Python yana ɗaukar na tsarin kwamfutar ne, a irin namu cp1252, shi kuma wannan bai san ƙ ba bai san ɗ ba, bai ma san alamar naira ₦ ba. Na sa utf-8 fayil ya fita, aka buɗe a Excel sai ga wasu tarkacen alamomi a madadin harafin, sai da na mayar da shi utf-8-sig sannan Excel ta gane. Ban gama da wannan ba sai ga matsalar bincike, a rubuta "ƙyalle" da ƙaramin harafi manhaja tace babu, alhali akwai "Ƙyalle" da babba, domin LIKE, umarnin bincike na SQLite, haruffan Turanci kawai yake daidaita babba da ƙarami. Kuma gaskiyar magana yaran shago ba sa ma rubuta lanƙwasar, kyalle za su buga, Dambatta za su buga, kibod ɗin ba shi da su. Don haka na ƙara wani ginshiƙi a ɓoye da ke ajiye kowane suna da ƙananan haruffa an cire lanƙwasa, bincike a can yake dubawa, abin da ake nunawa a sikirin kuma yana nan da rubutunsa daidai. Firintar rasit ɗin nan ƙarama mai takarda milimita 58 ita kam ta ƙi ₦ sam, alamar tambaya take bugawa, na haƙura na sa N.

Ƙananan kuma suna da yawa, zan ambaci kaɗan a gurguje. Tambarin shago da na sa ya ƙi fitowa, fili kawai, saboda na ƙirƙiri PhotoImage, wato hoton, a cikin fankshin ban riƙe shi a ko'ina ba, Python ya share shi a matsayin shara. Maɓallan da na jera da for duk suna buɗe kaya na ƙarshe saboda yadda lambda ke riƙe variable ɗin zagayen, sai an rubuta i=i. Maɓallin ajiyewa ya faɗa ƙasan sikirin ba a ganinsa domin na kafa wa komai wuri da place a kan sikirin 1920 da 1080 su kuma nasu 1366 da 768 ne, na koma grid mai jera su a layi da ginshiƙi. Rumbun bayanai na ajiye shi a Program Files inda Windows ba ta barin a yi rubutu sai da izinin admin, na mayar da shi AppData. Antibairos ya cinye fayil ɗin exe yace bairos ne, wanda ya saba faruwa da abin da aka naɗe da PyInstaller a dunƙule ɗaya, da na koma naɗin folda abin ya yi sauƙi. Kuɗi kuma na daina ajiye su da float, wato lamba mai ɗigo, tunda na ga 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif, a kobo nake ajiyewa da cikakkiyar lamba.

Abin da ya canza min aikin gaba ɗaya shi ne log, wato fayil ɗin da ke ajiye bayanin kurakurai. Idan kuskure ya faru a cikin aikin maɓalli Tkinter ba ta rufe manhaja, tana rubuta kuskuren ne a baƙin allon nan na console ta ci gaba, ni kuma na naɗe da windowed, zaɓin da ke ɓoye shi, don kar baƙin allon ya tsorata su, kenan duk kuskuren da ya faru iska yake bi. Shi yasa kullum bayanin da nake samu a waya shi ne "na danna bai yi ba", in ce me ya rubuta, a ce bai rubuta komai ba, kuma gaskiya suka faɗa. Na maye gurbin report_callback_exception, fankshin ɗin Tkinter da ke rubuta kuskuren, da nawa, duk kuskure ya shiga fayil da kwanan wata da lokaci da layin da ya faru, sannan ƙaramar taga ta fito da Hausa tace an samu matsala a sanar da injiniya. Na nuna wa yaron inda fayil ɗin yake, in abu ya faru ya turo min ta WhatsApp. Matsalar da da sai na bar abin da nake yi na shiga cunkoson Kwari na yi awa biyu ina lalube, yanzu a minti goma ina zaune na ga layin.

Duk da haka ba komai log ke nunawa ba. Wata rana na ce bari in zauna a shagon tun safe har la'asar ba tare da na taɓa komai ba, ina kallo kawai. A nan na ga yaron ba ya son maus ko kaɗan, hannu ɗaya na kan kibod ɗaya na riƙe da kaya ko kuɗi, yana danna Tab sai alamar ta tsallake daga sunan kaya ta faɗa wurin ragi ta bar adadi, saboda a haka na jera su a kod. Na ga yana rubuta 12,500 da waƙafi manhaja ta ƙi karɓa ya goge ya sake, sau ba adadi a rana, kuma bai taɓa faɗa min ba don ya ɗauka haka abin yake. Na ga ana sayar da rabin turmi, yadi uku, ni kuwa gidan adadi cikakkiyar lamba kawai na bari, sai ya riƙa rubuta ɗaya yana rage kuɗin da hannu, sito kuma lissafinsa yana karkacewa a hankali. Nace masa "me yasa baka gaya min ba?" yace "Yaya ai na zata ni ne ban iya ba." A daren na gyara jerin Tab, na sa Enter ta riƙa kai shi gida na gaba, na sa a karɓi waƙafi, sito kuma ya koma ƙirga da yadi maimakon turmi. Da na kawo washegari ya shigar da ciniki biyar a jere bai ɗaga hannu daga kibod ba, Alhaji na gefe yana duba waya yace a ƙara masa wurin rubuta bashin 'yan sari.