Allurar da aka yi wa jijiyoyin ƙafata

Bayan haihuwata ta uku ne jijiyoyin bayan ƙafata ta hagu suka fito raɗa-raɗa, shuɗaye, a murɗe kamar igiya. Ga shi aikina koyarwa, kullum a tsaye gaban allo. Kafin yamma ƙafar ta yi nauyi, idon sawu ya kumbura, ga ƙaiƙayi. Na daɗe ina shafe-shafen man zafi, a banza.

Likita bai ɗauko allura ba sai da ya yi wa ƙafar sikanin, ina tsaye. Ya ce cikin jijiya akwai ƴan murafai da ke buɗewa jini ya hau zuwa zuciya, su rufe kada ya dawo. Nawa sun saki, shi ya sa jinin ke gangarowa yana taruwa. Ya tambaya ko ina da ciki, domin ba a yi wa mai juna biyu, da kuma ko jini ya taɓa daskare mini a ƙafa.

Maganin sunansa polidocanol. A gabana ya haɗa sirinji biyu, ya yi ta tura ruwan da iska tsakaninsu har ya koma farar kumfa. Kumfar ce ke ture jinin, ta ƙona bangon jijiyar ta ciki har ta manne, jiki ya shanye ta sannu a hankali, jini kuma ya bi lafiyayyun jijiyoyi na can ciki. Ni da na kwana ina fargaba, ashe zafin bai wuce cizon tururuwa ba. Ko minti 30 ba a yi ba aka ce in tashi in yi ta tafiya.

Inda aikin yake shi ne safa. Doguwa ce har cinya, matsattsiya, sai da na yi gumi kafin in ja ta. An ce mako 2, ban da wanka da ruwa mai zafi sosai, ban da doguwar tafiyar da za ta zaunar da ni wuri ɗaya. A kwana na huɗu na gaji, na tuɓe ta na cusa ƙarƙashin matashi.

Mako na zagayowa sai ga ƙullutu mai tauri a bayan gwiwa, fatar wurin ta yi duhu. Hankalina ya tashi, na ce an ɓata mini ƙafa. Likita ya latsa wurin, ya ɗago kai: "Malama, ina safar?" Na sunkuyar da kai. Ya ce jini ne ya maƙale a jijiyar da ta rufe, yakan faru har ga masu sa safa, amma matsewar na rage shi. Ya huda da tsinin allura ya matso shi, baƙi ƙirin. Ya kuma ja mini kunne: idan ƙafa ta kumbura farat ɗaya da ciwo, ko numfashi ya sarƙe, in garzayo ko da tsakar dare ne.

Bayan mako 6 aka yi zagaye na biyu, wannan karon ban yi wasa da safa ba. Nauyin ƙafar shi ya fara tafiya. Jijiyoyin kuwa sai wajen wata 3 suka kwanta, tabon ya fi su taurin kai, har yanzu akwai alamarsa kamar an ɗiga shayi.

Kwanan nan na ga wata siririya ta leƙo a ƙafar dama. Allurar ba ta hana sababbi fitowa, likita ya faɗa tun ranar farko. Na nemo safar daga ƙasan akwati, da ita nake shiga aji yanzu.