Hannun da ya ɗaga hasumiya

Na ajiye shiga gasar ches bayan shekara shida, kuma a duk wasannin da na buga babu wanda ya koya mini hankali kamar wanda ya kuɓuce mini a zagaye na 7 na wata buɗaɗɗiyar gasa mai zagaye 9.

Gasar tana bin tsarin Suwis ne wajen haɗa 'yan wasa: kana ci, ana haɗa ka da manya. Ina da maki 5 cikin 6, sai aka zaunar da ni gaban wani dattijo da ya ba ni tazarar kusan maki 300 a ma'aunin Elo na ƙarfin 'yan wasa. Kowa minti 90, da ƙarin daƙiƙa 30 a kowane taku. A taku na 34 na matse shi. Ya kai hannu ya kama hasumiyarsa, har ya ɗaga ta, sai ya hango cewa da ta bar wurin dokina zai ritsa sarkinsa da sarauniya lokaci guda. Ya mayar da ita a hankali, ya tura soja, ya danna agogo.

Dokar FIDE, hukumar ches ta duniya, a fili take, abin da ka taɓa da niyya shi za ka motsa. Kamata ya yi in tsayar da agogo in kira alƙali nan take. Kunya ta hana ni, don mutumin ya haife ni, ga furfura. Na buga nawa takun zuciya na tafasa, sai bayan taku uku na ɗaga hannu.

Alƙalin ya ce, "Yaro, tunda ka taɓa naka, bakin alƙalami ya bushe."

A doka da gaskiyarsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yana tsaye bayan dattijon sa'ad da abin ya faru, na ga idonsa a kan allon, kuma yana da hurumin sa baki ko ban ce uffan ba. Da ni na ɗaga hasumiyar nan, na san ba zai kau da kai ba.

Daga nan lissafina ya dagule. A taku na 51 na miƙa hannu, na sallama.

Sauran darussan ƙanana ne. Ka rubuta takunka da kyau a takarda, ita ce shaidarka. Kada waya ta shiga zauren gasa a aljihunka. Kada ka karɓi canjaras don kawai sunan abokin karawa ya tsorata ka.

Bayan shekara biyu wani mai muƙami a ches ya gwada mini irin wannan. Kafin ya janye hannunsa na tsayar da agogo, na kira alƙali da muryar da duk teburan kusa suka ji. Takardar wancan wasa na farko kuwa tana nan wurina, na zagaye taku na 34 da jan biro.