Gudun da ya wuce ba a rama shi: shawara ga ƙannena masu shirin maraton

Ƙannena masu fitowa Kornish, titin bakin tekun Jidda, bayan sallar asuba, musamman ku da kuka fara maganar zuwa Riyad ku yi cikakken maraton, dan Allah ku ba ni aron kunnenku. Ina jin yadda kuke ta lissafin takalmi da agogo da minti nawa kuke cinye kilomita ɗaya, duk wannan yana da kyau, amma abin da yake karya irinmu masu gudun sha'awa a gida yake da wajen aiki. Kipchoge, ɗan tseren Kenya da ya gama maraton ɗin Balin cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a 2022, gudu ne sana'arsa, in ya dawo atisaye kwanciya zai yi ya huta. Mu kuwa in mun gama wanka za mu yi mu kama hanyar dawam, wato wajen aiki, mu tsaya a shago har dare, ga cefane ga kai Hajiya asibiti ga yara. Toh duk tsarin da ka ɗauko a intanet bai san da wannan ba, kai ne ka sani.

Ni abin da ya kayar da ni tashin gida ne. Duk wanda yake Jidda ya san lokacin rusau, daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022, lokacin da aka tashi unguwanni irin su Gulel da Sabil da Karantina da Bitrumin, inda da yawa cikinmu aka haife mu. Mun ɗan raɓa wajen dangi, sai daga baya Allah Ya ba mu shigga, wato gidan haya a bene, a gabashin gari, kuma tashin ya faɗo daidai tsakiyar shirina na maraton ɗin Riyad na watan Fabrairun 2023. Gasar nan a watan Maris 2022 aka fara yin cikakkiyarta, kilomita 42.195, na ga hotunan waɗanda suka je raina ya biya, na ɗaura niyya ba abin da zai hana ni ta gaba.

Wanda bai taɓa tashin gida a ƙasar nan ba ba zai gane ba. Neman shiggar kanta, jiran mai gida, rubuta kwantiragi, ciniki da mai dabbab, ƙaramar motar ɗaukar kaya, sannan ranar kwashe kaya. Benenmu ba lifta. Ni da ƙanina muka ɗauki firij muka hau da shi, ni ne a ƙasa, ƙarfen gindinsa yana cin tafin hannuna, kowace matakala sai mun tsaya mun gyara riƙo, ina jin nauyin yana sauka a ƙuguna da gwiwata. Bayansa injin wanki, bayansa mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na taga guda biyu, da katifu da buhunan kayan kicin. Barci kuwa babu, dan an yi kwanaki muna kwana a tsakanin kwalaye, abinci sai dai burodi da shawarma a tsaye. Gudu ya tsaya cak.

Kuskuren ba tsayawar ba ce, wannan dole ce. Kuskuren shi ne da ƙura ta lafa sai na buɗe takardar atisayena na ƙirga duk kilomitocin da suka wuce ni, na ce sai na rama su. Na riƙa fita safe da dare, ranar hutu ma na fita, doguwar tafiyar Juma'a, wato dogon gudun sati, na ƙara mata tsawo fiye da abin da aka rubuta. Kuma jikin da nake ɗora wa wannan jiki ne da ya gama dako bai yi barci ba. Ba a jima ba gaban ƙaurina na hagu ya fara zafi, irin zafin da in ka danna ƙashin da yatsa sai ka ɗauke hannu. Na yi ta shafa man zafi ina cewa zai wuce. Wallahi bai wuce ba, sai da ya kai ko saukowa daga bene sai na dafa bango.

Ku riƙe wannan da kyau dan shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubutu. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da gudu, amma ƙashi da jijiyoyi a hankali suke ƙarfi, shi ya sa za ka ji numfashinka lafiya lau kana ganin za ka iya ƙari, alhali ƙafa ta riga ta gaji. Kuma mutumin da ya yi watanni yana atisaye, in ya huta sati ɗaya ko biyu abin da zai rasa kaɗan ne, cikin ƴan kwanaki zai dawo da shi. Amma ciwon ƙashin ƙauri in ya yi tsanani ya zama tsagewa, wata biyu ma sai ya ci maka. Atisayen da ya wuce kamar abincin jiya ne da ba ka ci ba, ba za ka haɗa kwano biyu yau ka ce ka rama ba, ciki ne zai ɓaci. In hidima ta taso, tashin gida ne ko biki ko rashin lafiyar wani a gida, ka ɗauki wannan satin a matsayin atisaye mai nauyi da ka riga ka yi. In ka dawo ka fara da rabin abin da ka saba, a hankali, sati na biyu ka ɗan ƙara, sannan ka ci gaba daga inda jikinka yake, ba daga inda takarda take ba. Masu harkar suna cewa kar ƙarin da za ka yi a sati ya wuce kashi 10 cikin 100, kuma ni na ga gaskiyar hakan a jikina.

Wani abu kuma da ban duba ba lokacin neman gida shi ne inda zan riƙa gudu. Na duba kuɗin haya, na duba masallaci da bagala, wato kantin unguwa, da makarantar yara, shikenan. Sai da muka tare na ga duk zagayen manyan tituna ne da motoci masu gudu, ba mamsha, wato hanyar masu tafiya da ƙafa, kusa, Kornish kuma sai an yi tafiya a mota. Ba na ce ka ƙi gida mai sauƙi saboda gudu ba, iyali ne gaba. Amma kafin ka sa hannu ka zo unguwar da asuba ka taka da ƙafarka, ka ga ina fitila take, ina karnuka suke, ina za ka samu zagaye ko na kilomita biyu ne da ba sai ka tsallaka babban titi ba. In sai ka tada mota kafin ka yi gudu, ranar da ka gaji ba za ka fita ba.

Sai tafiyar. Ƙafar ta ɗan lafa, na ce zan je haka. Dan in rage kashe kuɗi na hau motar dare, Jidda zuwa Riyad sama da kilomita 900, na kwana a zaune ƙafa a lanƙwashe, na sauka ana gobe gasa ƙafafuna sun kumbura, na yi ta yawon karɓar lamba da gaishe da ƴan uwa, da dare aka kawo kabsa da nama na ci na ƙoshi dan kunyar masu gida. Ga sabon takalmi da na ajiye musamman dan ranar, ban taɓa yin doguwar tafiya da shi ba. Dan Allah kar wanda ya maimaita wannan. Jirgi bai kai awa biyu ba, in ka yanki tikiti da wuri kuɗin ba ya da yawa, in kuma mota ce dole to ka isa da kwana biyu a gaba. Ka ci abin da cikinka ya sani, shinkafa ko taliya ba mai da yawa, ka faɗa wa masu masaukinka gaskiya, za su fahimta. Takalmi da safa da wando duk su zama waɗanda ka riga ka yi gumi a cikinsu.

Kuma Riyad ba Jidda ba ce. Mu mun saba da iskar teku mai ɗanshi, kana fara gudu riga ta jiƙe, gumin da kanshi yake tuna maka ka sha ruwa. Can tudu ne, wajen mita 600 sama da teku, iska a bushe, safiyar Fabrairu da sanyi har kana rawar ɗari a wajen tashi. Gumi yana fita yana bushewa ba ka gani, sai na riƙa wuce teburan ruwa ina ganin ba na buƙata. Sanyin da taron jama'a suka ɗebe ni na fara da saurin da ba nawa ba. Wajen kilomita 30 komai ya ƙare, dan makamashin da jiki yake ajiyewa a tsoka kusan nan yake ƙarewa in ba ka riƙa sa wani abu a baki ba. Na taɓa fuskata na ji gishiri kamar yashi, cinyoyina suna ɗaurewa, ƙaurin nan ya dawo sabo. Da tafiya na ƙarasa, kuma na daɗe bayan nan ban sake sa takalmin gudu ba. Ka kurɓi ruwa a kowane tebur tun daga farko, kaɗan kaɗan ba ka cika ciki ba, ka sa dabino a aljihu ka riƙa ci tun kafin yunwa ta zo, kuma ka gwada hakan a doguwar tafiyarka ta Juma'a kafin ranar. Rabin farko ka yi shi a hankali har ka ji kamar kana wasa.

Maganar zafi ba sai na tsawaita ba. Ƙasar da take hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba, ba wajen gwada jarumta ba ce. Lokacin zafi gajeren gudu kafin rana ta fito ya isa, shirin gaske daga Oktoba ake fara shi, sati 16 zuwa 20. Da azumi ni bayan tarawihi nake fita, ban yarda da doguwar tafiya da baki a bushe ba.

In ba ka taɓa yin rabin maraton ba, kilomita 21, shi za ka fara yi bana, akwai shi a rana ɗaya da babban, har da na kilomita 10. Wanda yake da hawan jini ko ciwon suga, ko akwai ciwon zuciya a gidansu, ya ga likita tukuna. Kuma duk fitar da za ka yi da duhu ka sa igamarka, wato katin izinin zama, a aljihu, ka gaya wa wani a gida hanyar da za ka bi da lokacin da za su sa ran dawowarka.